An Fasa Rabin Bangon Falo, Ɗakin Yayana Ya Tsage: In Ƙarasa Ko In Tsaya?

Assalamu alaikum Malam. Ina roƙon a sakaya sunana. Gidan da muke ciki mahaifinmu ne ya gina shi, Allah ya jiƙansa, yau sama da shekara 35. Bene ne mai hawa ɗaya. Yayana da iyalinsa suna sama, ni da matata da 'ya'yanmu biyu da mahaifiyarmu muna ƙasa. Falonmu ƙarami ne, ga matata da ciki wata 7, shi ya sa na yanke shawarar a fasa bangon da ke tsakanin falon da ɗakin marigayi, wanda yake a rufe tun rasuwarsa, a haɗe su. Na kuma ce a cire tsohon silin da tayil na kicin ɗin baya. Kawun matata na ba aikin, magini ne da ya daɗe a sana'ar, har na biya shi rabin kuɗinsa. Ya ƙwanƙwasa bangon ya ce ba ya ɗauke da komai.

Kwana 3 da fara aiki, an ci kusan rabin bangon, sai ga Yaya ya sauko a fusace. Bangon ɗakinsa ya tsage daga kusurwar ƙofa ya yi sama, ƙofar ma ba ta rufuwa sai an danna ta. Ya kori ma'aikata a gaban kowa, ya ce ban shawarce shi ba. Gaskiya ne ban shawarce shi ba, na ɗauka sashena ne. Kawu ya yi fushi, ya ce tsagewar filasta ce kawai, in ba a bar shi ya ƙarasa ba, ba zai sake taka gidan ba. Matata tana son a gama kafin ta haihu, kuma ta ji zafin abin da aka yi wa kawunta. Mama kuwa da na tambaye ta tun farko cewa ta yi, "Duk yadda kuka yi daidai ne," amma ranar da aka fara dukan bangon na same ta a bakin ƙofar ɗakin tana share hawaye. Yanzu gida duk ƙura, ƙaramin ɗana yana ta tari, ga guntayen silin jibge a tsakar gida yara na wasa a kai. Malam, in ƙarasa ne ko in tsaya? Kuma yaya zan yi kada in ɓata da kowa?

Wani ɗan'uwa mai neman mafita

Wa alaikumus salam ɗan'uwana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sauki maiɗakinka lafiya, ya ba yaron nan sauƙi.

Na karanta wasiƙarka sau biyu. A karon farko hankalina ya tafi kan mutanen da ke cikinta, kowa da inda yake masa ciwo. A karo na biyu kuwa abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, wato ƙofar nan da ta daina rufuwa. Da ita za mu fara, domin fushin Kawu da na Yaya za su iya kai jibi, ita ba ta da wannan lokacin.

Katako kan kumbura idan ya sha danshi, filasta ma takan yi 'yan layuka sirara kamar gashi ba tare da wata matsala ba. Amma ƙofar da ta yi shekara da shekaru tana rufuwa lafiya, ta wayi gari tana cijewa kwana 3 bayan an sare bangon da ke ƙarƙashinta, ga kuma sabuwar tsaga da ta taso daga kusurwarta, wannan ba maganar filasta ba ce. Alama ce cewa abin da bangon sama yake zaune a kai ya motsa. Ka duba lissafin nan. Kankaren da ya raba sama da ƙasa, wanda magina ke ce wa dekin, idan kaurinsa santimita 15 ne, kowace murabba'in mita ɗaya tana da nauyin kilo 360 ko kusa da haka. Ɗaki mai mita 4 tsawo da mita 4 faɗi, dekin ɗinsa kaɗai ya kusa tan 6, ba a sa bangon da ke kansa ba, ba a sa tayil da gado da kabad da mutane ba. Wannan nauyin tun ranar da aka gina gidan yake bin hanya ɗaya yana sauka cikin ƙasa. Idan bangon da ka fasa yana kan hanyar, to yanzu nauyin yana laluben wata, kuma tsagar da Yaya ya gani ita ce sawunsa.

Don haka amsar tambayarka ta farko ita ce ka tsaya. Kada guduma ta sake taɓa bangon nan, ko da bulo ɗaya ne ya rage yana lilo. Yau ɗin nan a daina kwana a ɗakin Yaya da ya tsage, a daina zama a falo da ɗakin marigayi, a kulle su yara kada su shiga. Ka sa fensir ka yi alama a inda tsagar ta fara da inda ta tsaya, ka rubuta kwanan wata a gefe, ka ɗauki hotonta da abin awo a jikinta, safe da yamma. Idan ka ga ta wuce alamar, ko bakinta ya ƙara buɗewa, ko yashi na zubowa daga sama, ko kuka ji ginin yana ƙara da kansa, kowa ya fita daga gidan nan take, a kira masu agajin gaggawa, kada a tsaya kwasar kaya.

Sannan ka nemo injiniyan gini mai rajista, wanda aikinsa shi ne lissafin nauyi da ƙarfin gini, ya zo yau ko gobe. Ka gaya masa a waya cewa an riga an fasa rabin bango kuma sama ta tsage, domin ya san ba aikin sati mai zuwa ba ne. Abu na farko da zai yi shi ne ya sa a tokare dekin da sandunan ƙarfe masu daidaitawa, da katako mai kauri a ƙarƙashinsu da samansu don su baza nauyin. Kada ku yi wannan da kanku kafin ya zo. Tokarar da aka kafa ba a wurinta ba tana iya fasa daɓe ta nutse, kuma wanda ya matse ta da ƙarfi don ya mayar da dekin inda yake, yana iya jawo sabuwar tsaga a wani wurin. Idan mahaifinku ya bar zanen gidan a cikin takardunsa, ku nemo shi, zai rage wa injiniyan aiki sosai. Idan babu, zai duba ko bangon sama yana zaune daidai kan wanda aka fasa, ya ɓamɓare filasta kaɗan ya ga ko akwai bim, wato dogon kankare ko ƙarfe da ake gittawa a ƙarƙashin dekin don ya ɗauki nauyinsa, da ginshiƙai, wataƙila ya sa na'urar da ke gano rodi a cikin kankare don ya san ta wane ɓangare dekin ya jingina, ya kuma tona gefe ya ga tushen ginin.

Ƙwanƙwasa bango da Kawu ya yi ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan. Bulo mai rami ƙarar rami zai yi, yana ɗauke da bene ko ba ya ɗauke da komai. Kaurin bango ma ba hujja ba ne, an sha ɗora dekin a kan bangon inci 6. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: ko gidan da aka gina a kan ginshiƙai da bim, wanda bangayen cikinsa tun asali don raba ɗakuna kawai aka yi su, kankare yana lanƙwasawa a hankali cikin shekaru har ya zo ya kwanta a kan bangon da ke ƙarƙashinsa. Bangon da ba a gina shi don ɗaukar kaya ba sai ya wayi gari yana ɗauke da kaya. A gida mai shekara 35 wannan ba abin mamaki ba ne.

Ba don in tsorata ka ba, amma ya kamata ka san iyakar abin. A watan Janairun 2012 wani bene mai hawa 20 ya rufta a tsakiyar birnin Riyo na ƙasar Brazil, ya tafi da wasu gine-gine biyu na kusa da shi, mutum aƙalla 17 suka rasu, kuma masu bincike sun ɗora laifin a kan aikin gyara da aka yi a ciki inda aka cire bangaye. Ni ma na taɓa ganin ƙaramin irinsa da idona. Shekarun baya na yi haya a saman wani gida, mai gidan ya cire bango a ƙasa don ya faɗaɗa wuri. Babu wanda ya lura da komai sai ranar da bokiti ya kife a ɗakina, na tsaya ina kallon ruwan yana gangarawa ya taru a tsakiyar ɗakin, inda a da ko ɗigo ba ya tsayawa. Ƙafafuna suka yi sanyi. A ranar muka kwashe, kuma da aka zo aka duba sai da aka tokare gidan aka sa bim. Allah ya rufa asiri babu wanda ya ji ciwo. Tun daga nan ba na raina ƙaramar alama a jikin gini.

Abu na biyu da ba zai jira ba shi ne jibgin nan na tsakar gida. Ka raba yara da shi yanzu. A shekarun da aka gina gidanku, allunan silin da na rufi masu yawa da siminti da asbesto ake yin su. Muddin allon yana lafiya a wurinsa ba ya cutarwa sosai, amma da zarar an farfasa shi yana sakin wasu zaruruwa da ido ba ya gani, waɗanda ke maƙalewa a huhu, cutarsu kuma ba ta bayyana sai bayan shekara 20 ko 30 ko fiye. Saboda haka ne Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, ko da yake akwai ƙasashen da har yau ake amfani da shi. Da ido ba a tantance shi, sai an kai ɗan guntu ɗakin gwaji. Kafin nan ka ɗauke shi a matsayin yana da shi: a yayyafa wa jibgin ruwa ya jiƙe, a lulluɓe shi da leda mai kauri, kada a share wurin da busasshiyar tsintsiya, kada a ƙara karya ko allo ɗaya, kuma a tambayi hukumar da ke kula da shara ko muhalli inda ake kai irinsa. Wanda zai kwashe ya sa takunkumi mai lamba FFP3 ko P100, ya ɗaure guntayen a buhun leda biyu, kuma kada kayan jikinsa su shiga wankin gida. Kada ka kwana kana zargin kanka a kan kwanakin da suka wuce. Haɗarin yana ƙaruwa ne da yawan shaƙa da tsawon lokaci, kuma waɗanda suka fi kamuwa su ne waɗanda suka yi shekaru suna aiki a cikinsa. Abin da ke hannunka shi ne kada a ƙara ko yini ɗaya.

Ita kanta ƙurar bulo da siminti da tayil ba ƙurar hanya ba ce. Tana ɗauke da garin dutse mai laushi wanda ke yi wa huhu tabon da ba ya warkewa idan aka daɗe ana shaƙa, kuma tana tayar da tari da asma ga yara cikin ɗan lokaci. Na san yadda ake yi: lebura ya ɗaure tsumma a hanci, gashin idonsa fari fat, yana ta dukan bango. Tsumman nan ba ya tare komai. A saya musu takunkumi na gaske, a riƙa jiƙa wurin da ake fasawa ko yankawa, a toshe ƙofofin da ke shiga sauran gida da leda da salatif, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma. Akwai kuma tsohon fenti, musamman mai sheƙi na jikin ƙofofi da tagogi, wanda sau da yawa akwai dalma a cikinsa. Amurka ta hana sa ta a fentin gidaje tun 1978, amma ƙasashe da dama sun daɗe bayan haka ba su hana ba. Dalma tana ratsawa daga uwa zuwa ɗan da ke ciki, tana kuma taɓa ƙwaƙwalwar ƙananan yara. Don haka shawarata a nan ba mai sassauci ba ce: maiɗakinka da yara su bar gidan har a gama fashe-fashe a wanke ko'ina. Ka kai yaron asibiti ka gaya wa likita irin ƙurar da ya shaƙa, ita ma ta faɗa a wurin awo. Mama ma, in za ta yarda ta ɗan koma wurin wata 'yarta ko 'yar'uwarta na 'yan makonni, ya fi.

Sai mu koma kan mutane, mu fara da Yaya. Na san korar ma'aikatanka a gaban jama'a ta yi maka zafi, kuma da ya kira ka gefe da ya fi kyau. Amma ka sa kanka a wurinsa. Mutum ya shiga ɗakin da 'ya'yansa ke kwana ya ga bango ya buɗe, yana jin ƙarar guduma a ƙarƙashin ƙafarsa, wanda yake a wannan hali ba ya zaɓen kalmomi. Tsoro ne ya fito masa a siffar faɗa. Kuma ina ganin, ko da abin zai yi maka nauyin ji, korar da ya yi ita ce alheri mafi girma da aka yi maka a wannan aikin. Ka ce ka ɗauka sashenka ne. A gidan bene, ɗakin ƙasa naka ne, amma bangonsa na kowa ne, domin rufinka shi ne daɓen wani. Ka hau sama da kanka, kada ka aika. Ka ce, "Yaya, na yi kuskure da ban shawarce ka ba, ka yi haƙuri. Na tsayar da aiki, ina son mu nemo injiniya tare." Kalmar "tare" ɗin nan ka riƙe ta da kyau. Idan kai kaɗai ka kawo injiniya ya ce ba komai, Yaya ba zai yarda ba, zai ce naka ne. Ku zaɓe shi ku biyu, ya yi bayani a gabanku ku biyu, ya ba ku a rubuce. Gyaran ɗakin Yaya kuwa a wuyanka yake, ka faɗa da bakinka tun bai tambaya ba. Idan kuna da wasu 'yan'uwa da ke da haƙƙi a gidan, su ma su ji daga gare ku kafin su ji a waje, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kawu kuma, kada ka raina shi a zuciyarka saboda wannan. Shekarun da ya yi yana gini gaskiya ne, hannunsa ya san abin da takarda ba ta sani ba, kuma na tabbata ba cutar da ku ya nufa ba, 'yarsa ce a gidan. Sai dai ɗora gini daga ƙasa zuwa sama daban, zare wani abu daga ƙarƙashin ginin da ya riga ya tsaya daban. Na biyun lissafi yake so. Dagewar da yake yi cewa filasta ce, ka fahimce ta: an kunyata shi a gaban yaransa, idan ya amsa cewa bangon na ɗauke da nauyi ya amsa cewa ya yi kuskure a bainar jama'a. To ka buɗe masa ƙofar da zai fita da mutuncinsa. Ka je gidansa, ka ba shi haƙuri kan yadda aka kori ma'aikatansa, ba tare da ka zagi Yaya ba. Ka ce masa tunda gidan na mutane da yawa ne, kuma a wurare da dama doka ma ba ta yarda a taɓa ƙashin gini sai da zanen injiniya da izinin hukumar gine-gine, kun ga ya dace a bi wannan hanyar, kuma kana son shi ne zai aiwatar da abin da aka zana. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ƙwararrun magina da yawa suna aiki da zanen injiniya kullum, ba su ɗauke shi ƙasƙanci ba.

Idan ya amince, ku rubuta abin da ya rage: me za a rushe, me ba za a taɓa ba, wa zai kwashe ɓaraguzai, kuma biya ya zama bayan kowane mataki ne injiniya ya duba ya gamsu. Rubutu tsakanin surukai ba rashin yarda ba ne, shi ke hana "ai na ce" da "ai ban ce ba". Idan kuma ya ƙi, ya ce sai dai a bar shi ya yi yadda ya saba, to ka ƙirga aikin da ya yi ka bar masa haƙƙinsa, ku yi magana a kan ragowar cikin lalama, in ta kama ka yafe wani abu ka yafe. Asarar kuɗin nan ta fi sauƙi a kan ka ci gaba da aikin don kawai ka riga ka biya. Ko wa zai ƙarasa, a tabbata an kashe wuta daga babban makunni kafin a sake taɓa bango, har da ta janareta ko batirin sola idan akwai, domin wayoyi sukan bi ta cikin bango a miƙe daga soket da makunni. A rufe ruwa, a fitar da tukunyar gas daga kicin, kuma kada a tara ɓaraguzai a kan bene ko baranda.

Maiɗakinka tana tsakanin wuta biyu, kuma ga nauyin ciki. Kada ka mayar da ita 'yar aike tsakaninka da kawunta, kada kuma ta ji daga bakinka cewa "kawunki ne ya jawo". Kai ka ba da aikin, kai za ka ɗauka. Abin da take tsoro shi ne ta dawo da jariri cikin kango. Ka gaya mata gaskiyar lokaci: idan bim na kankare za a zuba, sai ya kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka lissafa masa, kuma ba a cire tokara sai injiniya ya ce a cire, ga filasta, ga bushewa, ga fenti da warinsa. Wata 2 na iya isa, yana iya ƙin isa, haihuwa kuma ba ta duba kalanda. Abin da za ka iya yi mata alkawari, ka kuma cika, shi ne ɗaki ɗaya mai tsabta wanda ƙura ba ta shiga, da kicin da banɗaki masu aiki, kafin ranar. Falo babba zai iya biyo baya.

Hanyoyin da ke gabanka, bayan an tokare an duba, ba za su wuce uku ba. Ko a mayar da bangon yadda yake, a cusa kwaɓin siminti a matse tsakaninsa da dekin don ya sake karɓar kayansa, wanda shi ne mafi sauri da sauƙi. Ko a bar ɓangarorin bangon biyu a tsaye, a buɗe babbar ƙofa a tsakiya da linta mai ƙarfi a kanta, wato kankaren da ake gittawa a saman ƙofa, falo ya sami sarari da haske, ɗakin kuma bai ɓace ba. Ko a cire shi duka a sa bim na ƙarfe ko na kankare a kan ginshiƙai biyu. Wannan na ukun ya fi tsada da cin lokaci, domin nauyin da a da yake baje a tsawon bango yanzu zai taru a wuri biyu kawai, kuma sau da yawa sai an tona an yi wa ginshiƙan sabon tushe. Ni da za ka bi tawa, ta biyun zan so ka tambayi injiniya a kanta, kuma ba saboda kuɗi kaɗai ba. Saboda Mama ne.

"Duk yadda kuka yi daidai ne" ba amincewa ba ce, ɗan'uwana. Magana ce ta uwar da ba ta son ta zama ita ce ta hana ɗanta walwala a gidan ubansa, ga jika na tafe. Ta haɗiye nata ta bar maka naka. A wurinka ɗaki ne a rufe ba ya amfanin kowa. A wurinta kuwa nan ne ta yi shekaru tana shiga da fita, ta san inda yake zama, ta san ƙusar da yake rataye hularsa, wataƙila nan ta yi jinyarsa. Wasu lokutan ba sai an shiga ɗaki ba, sanin cewa yana nan a yadda aka bar shi ya isa. Ba ka yi laifi ba da ka so faɗaɗa wa iyalinka, mai rai yana da haƙƙin wuri, kuma ina kyautata zaton mahaifinku da kansa zai so jikokinsa su sake. Inda aka yi tuntuɓe shi ne an tambaye ta bayan an gama yanke shawara, kuma babu wanda ya ba ta lokaci ta yi sallama da ɗakin kafin guduma ta shiga.

Wannan ana iya gyara shi tun da rabin bangon na nan. Idan injiniya ya ce babu haɗari a shiga, ka bar ta ta shiga ita kaɗai in tana so, ta kwashe abin da take son kwashewa da hannunta. Ku ɗauki hoton ɗakin kafin a canza komai. Tsohuwar ƙofarsa kada a jefar, ana iya mayar da ita a wani wurin, sai dai kada a kankare fentinta a bushe a cikin gida. Idan aka yi babbar ƙofar tsakiya da na ambata, ɓangaren ɗakin zai iya zama inda take zama da jikokinta, kujerarsa na nan a kusurwarta. Idan kuma ta ce a mayar da bangon, ka mayar, ka nemi sarari ta wani gefen, ko ka jinkirta zuwa lokacin da zuciyarta ta yi sanyi.

Ka same ta da daddare bayan gida ya yi shiru, kai kaɗai, ka zauna kusa da ita. Kada ka ce, "Mama, kin yarda?" domin amsar da ka samu a farko za ka sake samu. Ka ce, "Mama, na gan ki ranar nan a bakin ƙofar Baba, kuma ban kyauta ba da na yi gaggawa. Yanzu an tsaya, ba a yanke komai ba. Me kike so a yi da ɗakin?" Sannan ka yi shiru ka jira, ko da shirun ya yi tsawo. Idan ta kasa faɗa maka, ka tura wata 'yarta ko aminiyarta da take sakewa da ita. Kafin nan dai, kira injiniyan yau, ka kwashe yara daga jikin jibgin nan, kuma ka sake rubuto mini abin da ya gani idan ya duba.